Wot: Katin da Ke da Asiri, Hukuncinsa a Bakin Majalisa

Duk wasan da ake yi a kan tabarma ban ga wanda ya kama ƙafar wot ba, kuma ko a gaban 'yan dara zan maimaita! Kati 54 ne kacal, babu 6 babu 9, amma wasu daga ciki kamar an yi musu tofi. Ka yar da 2, na kusa da kai ya ɗebi biyu a kasuwa, wato tarin katin da ba a raba ba. 5 ta ɗora masa uku, 8 ta tsallake shi. 14 kuwa, janar maket, kowa sai ya ja ɗaya, kai kaɗai ka sha. Sai uban tafiyar, 20, da ke ba ka ikon cewa "Tauraro nake so," jama'a su shiga laluben hannu.

Wani Bature, William Henry Storey, ya ƙirƙiro shi a Ingila, aka yi masa rajista a 1935, amma a Nijeriya ya sami gida. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne kowace majalisa da nata fahimtar. Ana tare 2 da wata 2? In an tare, na gaba huɗu zai kwasa? Ana rufe wasa da 20? Wanda ya manta bai ce "las kad" ba, nawa zai ja? Ka zaga Mafara, ka leƙa Bakura, amsar da ka ji ƙarƙashin wannan bishiya ba lallai ka ji ta a waccan ba.

Wata Talata bayan kasuwa ta watse, wani manomin shinkafa daga Maradun ya zauna da mu. Aka jefa masa 2, ya danne ta da tasa yana murmushi. Mai rabon kati ya zabura: "Malam, wagga doka ba ta aiki nan!" Hayaniya ta kaure, kowa ya kife katinsa a cinya. Dattijon da ke gefe, wanda ko kati bai riƙe ba, ya ce, "Yara, baƙo na. A bar mai wanga zagaye, na gaba a bi ta gida." Shi ke nan, aka ci gaba. Wallahi hukuncin nan ya fi mini nasara goma daɗi!

Masu buga Dungeons & Dragons, wasan labari na Amurka da ya fito a 1974, su ma haka suke jayayya kan fassarar dokokin sihirinsu, su da ke da littattafai masu kauri, ƙarshe maganar jagoran tebur ake bi. Mu babu littafi, sai yarda da juna.

Kuma ko kwabo ba ma sawa. Caca haramun ce tun kafin Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a 1999, wasan kuma bai buƙatarta. Wanda ya fi yawan maki shi ke tashi ya ba wani wuri, ga tauraro ninki biyu ake lissafa shi. In ka riƙe tauraro mai 8 har wani ya rufe, 16 ke kanka, sai ka miƙe ana yi maka dariya.