Kalmar "Makamashi" a Darussan Kimiyya

Masu fassara darussan kimiyya sun aza wa kalmar "makamashi" kayan da ba nata ba. A Hausar gida, makamashi abin hura wuta ne: itace, kara, gawayi. To, ruwan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ba ya cin wuta, amma gangarowarsa ce ke juya injunan lantarki. Ɗalibin da aka ce wa ruwan nan yana ɗauke da makamashi, tilas ya tambaya ina tokar. "Ƙarfi" kuma ba za ta fisshe mu ba, domin ita ta dace da turi da ja, waɗanda Newton ya bayyana dokokinsu a 1687. A ganina "kuzari" ta fi kusa. Malaman kwalejojin horon malamai su gwada ta a aji, mu ji.