Jinjina ga Masu Koya wa Na'ura Hausa

Manomin Rogo ko Ƙaraye da ya sa wayarsa ta fassara masa bayanin da ke jikin buhun taki bai san hannuwan da suka share masa hanya ba. Na'ura ba ta jin Hausa, ƙirga take yi. Ana jera mata jimloli dubbai, kowace da takwararta a wani harshe, har ta gane wace kalma ke yawan tafiya da wace. Da haka masanan kamfanin IBM suka kafa harsashin wannan salon fassara a 1993, da bayanan majalisar dokokin Kanada na Turanci da Faransanci. Hausa ba ta gaji irin wannan rumbu ba, sai da 'ya'yanta suka zauna suka tara, ciki har da matasan HausaNLP da na ƙungiyar Masakhane.

Wani zai ce ai na'urorin yau da kansu suke koyo, kuma tun 2013 Google ke fassara Hausa. Gaskiya ne, amma daga bakin wa suka koya? Duba kalmar "ci" kawai: cin tuwo daban, cin kasuwa daban, haka cin jarrabawa, cin bashi da cin amana. Sai wanda ya sha Hausa a nono zai raba su, layi bayan layi, yana mayar da ƙugiyar da aka yar, don kada "ƙasa" ta koma "kasa". Aiki ne irin na tsince tsakuwa a shinkafa, kuma mafi yawan masu yin sa sunansu ba ya fitowa a fuskar waya.