Yabon Kiriyol da bakin Faransanci: nazari a kan littafin Éloge de la créolité

A shekarar 1989 ne kamfanin ɗab'i na Gallimard ya fitar da wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Éloge de la créolité, wanda wasu ƴaƴan tsibirin Martinik su uku suka haɗu suka rubuta: Jean Bernabé, masanin kimiyyar harshe, da Patrick Chamoiseau da Raphaël Confiant, marubuta ƙagaggun labarai. Asalinsa lacca ce da suka gabatar kusa da birnin Paris a 1988. Littafin ba shi da kauri, amma ƙurar da ya tayar ba ta kwanta ba har yau, domin ya taɓo tambayar da ke damun duk al'ummar da mulkin mallaka ya bar wa harshe biyu: da wane baki za ta faɗi ko ita wace ce?

Faransawa sun kafa mulkinsu a Martinik a 1635, suka yi ta jigilar bayi daga gaɓar Afirka domin noman rake, har zuwa 1848 da aka haramta bauta. Bayan nan aka kawo ƴan ƙodago daga Indiya da Sin. A cikin cakuɗar Faransawa da bayin Afirka ne Kiriyol ya tsiro, tun zamanin bauta. Yawancin kalmominsa na Faransanci ne, amma ginin jumlarsa daban yake. Alal misali, mutumin Martinik kan ce man ka manjé, wato ina ci, ko man ké manjé, wato zan ci: aikatau ba ya sauya kama, ƴar kalmar da ke gabansa ita ke nuna lokaci. Mai jin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, ko da yake kamanni ba ya tabbatar da dangantaka ta jini.

Ƙarfin littafin yana cikin yadda ya ƙi yarda a nemi asalin mutumin Karibiyan a wuri guda. Aimé Césaire da aƙidarsa ta Négritude sun maido wa baƙar fata martabarsa ta hanyar waiwayen Afirka. Marubutan uku ba su musanta bashin da Césaire ke bin su ba, sai dai suna ganin wanda ya zura wa Afirka ido, kamar wanda ya zura wa Turai ido, duk waje yake kallo. Suka bi sawun Édouard Glissant, suka ce a duba gida: tatsuniyar dare a bakin gonar rake, da habaicin kasuwa, da tarihin talakan da takardun ƴan mulki ba su rubuta ba. Wannan kira ya haifi ɗa mai ido, domin a 1992 labarin Chamoiseau mai suna Texaco ya ci kyautar Goncourt.

Sai dai kuma akwai wurare uku da littafin ya yi rauni. Na farko, yabon Kiriyol ne da aka rera da Faransanci, aka buga a Paris. Marubutan sun kare kansu da cewa Faransanci ma ya zama nasu, amma tarihin Confiant ya nuna inda gizo ke saƙar: littattafansa na farko da Kiriyol ya rubuta su, ba su samu masu karatu da yawa ba, sai da ya koma Faransanci a 1988 sunansa ya fita. Ke nan Kiriyol ya zama gishirin da ake barbaɗawa a miyar wani.

Na biyu, littafin ya ɗauki gauraya tamkar wata baiwa ta musamman, alhali binciken masana ya rikita wannan zato. Derek Bickerton, a 1981, ya ce yara ne suka ƙera nahawun irin waɗannan harsuna daga gurguwar maganar iyayensu. Claire Lefebvre, a 1998, ta ce Kiriyol na Haiti nahawun harshen Fon ne na ƙasar Benin sanye da rigar kalmomin Faransanci. Robert Chaudenson da Salikoko Mufwene kuwa suna ganin Faransancin talakawan da suka yi ƙaura ne ya yi ta sauyawa sannu a hankali a bakin baƙi, kamar yadda Latin ya sauya ya haifi Faransanci kansa. A 2003 Michel DeGraff, ɗan Haiti, ya ja hankali cewa ware waɗannan harsuna a ce ba irin sauran ba ne, ko da da niyyar yabo, gadon tunanin zamanin bauta ne. Gaskiya ne wasu daga cikin waɗannan ayyuka sun zo bayan littafin, amma Bernabé ya wallafa babban nazarinsa na nahawun Kiriyol tun 1983, don haka an yi tsammanin hujjar masani, sai aka samu kirari.

Na uku, Maryse Condé ta Gwadalup da wasu manazarta sun koka cewa aƙidar ta rikiɗe ta zama ma'auni, ana tantance wane ne marubucin Karibiyan na ƙwarai da yawan Kiriyol da ya zuba a shafinsa. Wanda ya gudu daga wani kurkuku, sai ga shi yana gina sabo.

Abin da ya ɗaga harshen a zahiri aikin da ba shi da amo ne. Haiti ta daidaita ƙa'idar rubutu, ta shigar da Kiriyol cikin tsarin mulkinta na 1987 a matsayin harshen hukuma tare da Faransanci. Faransa kuma ta buɗe jarrabawar CAPES ta malaman Kiriyol a farkon shekarun 2000, bayan dogon fafutukar Bernabé da abokan aikinsa.

Hausa ba Kiriyol ba ce, kuma tarihinta daban ne. Amma malamin da ke Damagaram, inda aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a 1973, ya san tazarar da ke tsakanin yabon harshe da ba shi alli da allo. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Darasin Martinik shi ne: kirari ba ya rubuta ƙamus, ba ya horar da malami, ba ya buga littafin lissafi. Ya kamata ƙungiyoyin al'adu su karanta Éloge de la créolité domin zafin kishinsa, sannan su auna shi da tambaya ɗaya: yara nawa ne suka iya karanta shi da harshen da yake yabo?