Shirun Mutum Goma Sha Shida: Sake Karanta "Snow Fall"

A watan Disambar 2012 jaridar New York Times ta wallafa "Snow Fall" na John Branch, labarin zaftarewar dusar ƙanƙara a Tunnel Creek, cikin tsaunukan Cascade na jihar Washington a Amurka. Ranar 19 ga Fabrairun wannan shekarar, ƙwararrun masu zamiya a kan ƙanƙara su 16 suka fita daga yankin da ake sa wa ido, suka gangara ta bayan dutse bayan an kwana ana zuba dusa. Uku ba su dawo da rai ba.

Mu masu rubuta manhaja, adon shafin ne ya fara sace mana hankali: iska na kaɗa dusa a saman allo, taswira na motsi tana bin sawun kowa. Adon kuwa ya yi aikinsa. Mu da ba mu taɓa taka dusar ƙanƙara ba, ta hanyarsa muka gane sirrin bala'in. A daren da sama ta yi garau, raɓa kan daskare ta yi wani siririn shimfiɗi maras ƙwari. Guguwa ta zo ta jibga masa sabuwar dusa. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya na ƙasan, sai na saman ya sulale gaba ɗaya, kamar tabarmar da aka fizge.

Amma da muka sake karantawa a waya, inda hotunan ke cin data suna sanɗa, sai muka ga ba can ƙarfin labarin yake ba. An yi gargaɗin haɗari a ranar, kuma sun sani. Wasu cikinsu hankalinsu bai kwanta da yawan tawagar ba, amma ba wanda ya ce a tsaya, domin kowa na ganin akwai wanda ya fi shi sani. Taswira ba ta iya zana wannan shirun. Jimlolin Branch ne kaɗai suka ɗauko shi, daga bakin waɗanda suka tsira.

Inda muke da ƙorafi shi ne tsawo. Branch ya daɗe yana zayyana tarihin rayuwar mutanen, har mai karatu ya fara rikita sunaye kafin a kai bakin gangaren. Labarin ya ci kyautar Pulitzer a 2013, jaridu da dama kuma suka kwaikwaye shi. Galibinsu taswirar mai motsi suka ɗauka, suka bar watannin da ya kwashe yana sauraron mutane.