Aikin Ibarra, Gwanin Ɗab'i na Sifen

Cikin masu buga littattafai na ƙasar Sifen ba mu ga na biyun Ibarra na birnin Madrid ba, wanda ya rasu a 1785. A 1780 ya buga labarin Don Kihote, juzu'i 4. Masu tara littattafai sun fi yabon hotunan ciki, amma a ganinmu gwanintar tana ga baƙaƙen: tawada baƙa wuluk, layi a miƙe, tazara daidai, ido ba ya gajiya. Abin takaici, saboda tsadarsa mawadata sukan kulle shi a akwati. To, 'yan makaranta, ku lura, don mai karatu Ibarra ya sha wannan wahala. Littafin da ba a buɗewa, kome kyaunsa, rijiya ce ba guga.