Fentin Kamfani da Kayan Ado: Nazari kan Kwalliyar Keke da Babur a Ƙasar Karaye

A ƙasar Karaye da Rogo, kamar sauran karkarar Kano, da wuya ka ga mutum ya sayi sabon keke ko babur ya nufi wurin mai fenti. Wurin mai kwalliya yake nufa. A naɗe ƙarfen da leda ko salatif mai launi, a ɗinka wa sirdi riga mai geza, a rataya tuntu a kowane hannu, a ƙara madubi, wani ma ya soka furen roba a gaba. Fentin kamfani yana nan a ƙasa ba a taɓa shi ba, hasali ma don kada ya ƙwarzane aka lulluɓe shi. Duk wanda yake son fahimtar yadda Bahaushe ke zaɓar launi ga abin hawansa, daga nan ya kamata ya faro: adonmu tufa ne da ake sa wa ƙarfe a kuma cire, ba a canza masa fata.

Dalili na farko na aljihu ne. Ga manomi, babur ajiya ce. Da kaka, in an sayar da masara ko an karye rake, a saya. In damina ta kawo jiki ga taki ya yi tsada, a kai wa dillali. Dillali kuwa fenti yake fara dubawa kafin ya saurari inji. In ya ga an sake fesa tanki, tambayoyi biyu ne za su zo masa: ko mashin ɗin ya taɓa faɗuwa an buge an rufe, ko kuwa yana da wani mai shi a wani gari. Rogo tana bakin iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, kaya suna shiga suna fita, saboda haka tambaya ta biyun ba ta wasa ba ce. Fentin asali shi ne shaidar mai sayarwa, wanda ya goge shi ya rage wa kansa kuɗi.

Dalili na biyu ya girmi keke. Mutanen da suka saba ganin hawan salla a ƙofar fadar Karaye sun san ba a rina doki. Jalala ake shimfiɗa masa, a ɗaura sirdi, a sa linzami da likkafa, in an sauka a kwance kayan a adana. Launukan da ake naɗa wa keke, ja da kore da rawaya a kan baƙi, su ne dai na aikin dukawa, a kan fatar da ake jemewa da bagaruwa a rina ta ja da karan dafi. Matashin da ke jera salatif zobe-zobe a jikin kekensa bai taɓa zama gaban baduku ba, amma idonsa a can ya yi karatu.

Baƙin da ake ɗora wa wannan ado shi ma yana da tarihi. Raleigh, kamfanin Nottingham ta Ingila, shi ya kafa mana siffar keken mutunci: baƙi wuluk, da siririn layi ruwan zinariya da ke bin ƙarfen, da gidan sarƙa a rufe, da tambarin tsuntsu a goshi. Shi malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin En'e suka hau, har ta kai kamfanin ya buɗe masana'anta a Kano. Da Phoenix ta ƙasar Sin da Hero ta Indiya suka shigo da araha, ba su yi gardama da wannan kama ba, suka bi sahu. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ɗora ma'aikata da yawa a kan Vespa da Honda, aka fara ganin shuɗi da ja a hanya. Daga baya Jincheng ta cika gari, Bajaj Boxer ta biyo ta mamaye ƙauye. Da aka hana acaba a birnin Kano a 2013, sana'ar ta ci gaba a karkara, kwalliyarta ma ta ci gaba tare da ita.

To, ga wanda ya ɗauko tsohon keken mahaifinsa yana son ya ɗora masa ƙaramin inji ya mayar da shi abin sha'awa, al'adar ba ta amsa masa kai tsaye, domin a nan fentin asali ya riga ya tafi, tsatsa ta ci, dole a fesa. Wannan haɗi ba baƙon abu ba ne a duniya. Soichiro Honda da shi ya fara a 1946, yana ɗaura ragowar ƙananan injinan sojan Japan a jikin kekuna, kuma Cub F da ya fitar a 1952 da farin tanki da jan inji aka san shi. A Faransa, VéloSolex na 1946 baƙi ne da inji a kan ƙafar gaba, sai Mobylette ta 1949 wadda samfurinta mafi shahara shuɗi ne. Mobylette ta kuma yaɗu a ƙasashen rainon Faransa, har da Nijar. Abin lura a cikinsu duka shi ne taƙaitawa. Launi ɗaya ne ke mulki, na biyu ya zauna a tanki ko a layi. Abin da ke sa keke ya yi kama da na dā ke nan, ba yawan ƙyale-ƙyale ba.

Sai dai a Kano launi ba ya zuwa shi kaɗai, da maganarsa yake tafe. Farin tanki da jan inji da ya yi wa Honda kyau, a nan mutane Kwankwasiyya za su karanta, ko mai keken ya nufa ko bai nufa ba. Rawaya ta zama ta Adaidaita Sahu tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Wanda ya fesa ta ya sa wa kekensa rigar haya. Koren soja kuwa neman magana ne a shingen bincike. Ba ina cewa a guji waɗannan ba ne, mai son jam'iyyarsa yana da 'yancin nunawa. Ina cewa mutum ya san abin da yake faɗa kafin ya biya kuɗin fenti, domin siyasa takan juya, fenti kuwa yana daɗewa.

Ƙasa ma tana da nata hukuncin. Hanyoyin da ke shiga ƙauyukan gefen madatsar ruwa ta Challawa da gonakin Rogo jar ƙasa ce, ƙura da rani, taɓo da damina. Fari ba ya jure mata, yakan rine ya koma ruwan ƙasa. Ja mai haske shi rana ta fi saurin kodarwa. Baƙi yana nuna ƙurar hunturu, gaskiya ne, amma tsumma ɗaya ya wadatar, kuma in ya ƙwarzane kowane mai fenti zai iya cike gurbin ba a gane ba, abin da ba ya yiwuwa da launin da aka haɗa da ƙiyasi. Ƙananan injinan nan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai suna tofar da maiƙo a ƙafar baya da gidan sarƙa, ƙura ta bi ta manne. Wurin nan duhu yake so. Fetur kuma yana cin fentin gwangwani na gama-gari, shi ya sa tanki ke bukatar fentin mota na gaske. Duk wannan bayan an kankare tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya fito, an shimfiɗa fentin ƙasa mai hana ta dawowa. Kada kuma a cike lambar kamfani da ke jikin ƙarfen, a bar ta tana karantuwa. A ganina, baƙi ko kore mai duhu irin na wasu tsofaffin Raleigh, da layin zinariya, da tanki ruwan madara, ya ishi ƙarfe. Sauran launi a bar wa sirdi da tuntu da jakar fata, inda za a iya sauya su kowace salla.

Akwai inda al'adar ta kauce, kuma ya kamata a faɗa. Ledar da ake bari a jikin mashin shekara da shekaru tana tara raɓa da ruwan wanki, ranar da aka kware sai a tarar tsatsa ta yi aikinta a ɓoye, fentin da ake tattali ya kumbura. Madubai shida da babu wanda ke nuna baya a cikinsu ba sa hana haɗari. Abin da ya fi damuna shi ne sitika. A dā, mai son rubutu a bayan kekensa wurin mai zane yake zuwa, irin masu zana zaki da gaggafa da ɗawisu a jikin manyan motocin katako, ya faɗi karin maganar da ke ransa, a rubuta masa da boko ko da ajami, hannun kowane mai zane kuma daban. Yanzu hoton shehi, da na ɗan siyasa, da na tauraron Kannywood, da tambarin ƙungiyar ƙwallon Turai, duk inji ɗaya ne ke buga su, babur ɗari su fito da fuska guda. Siririn layin zinariyar nan da ke fito da tsohon keke ba ya yin kyau da salatif; buroshi mai dogon gashi yake so, da hannun da ba ya rawa, a ja shi tiryan-tiryan daga wuya zuwa gindin sirdi ba tare da an ɗaga ba. Masu wannan hannu suna nan a garejojin manyan motoci da shagunan rubuta allon talla, amma aikin da ake kawo musu yana raguwa, yaran da ke zama gabansu kuma kwamfuta suke son koya. Wanda zai gyara keken mahaifinsa ya neme su tun suna riƙe da buroshi, ya kuma biya su kuɗin gwaninta, ba kuɗin sitika ba.