Besbol da Sofbol: Baƙin da Suka Kasa Zama 'Yan Gida a Olamfik

A watan Yulin 2005 Kwamitin Olamfik na Duniya ya zauna a Singafo ya bi wasanninsa ɗaya bayan ɗaya da ƙuri'ar asiri, biyu kuma suka faɗi. Besbol ya samu ƙuri'a 50, waɗanda suka ƙi shi 54. Sofbol kuwa kunnen doki aka yi, 52 da 52, alhali rinjaye ake buƙata. Rabon da a kori wani wasa daga Olamfik tun bayan gasar 1936, lokacin da aka ajiye ƙwallon dawaki. Wannan zama shi ya fi bayyana halin da wasannin biyu ke ciki a manyan gasanni, domin ba daɗin wasan ko rashinsa ne ke yanke musu hukunci ba. Abin da ke yankewa shi ne wa ke riƙe da 'yan wasan, kuma a garin wa za a yi taron.

Ga wanda bai saba kallonsu ba, asalinsu ɗaya ne. Mutum tara ne a kowane ɓangare. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya maka ta, ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin a cafke ta a tare shi. A sofbol ƙwallon ta fi girma, filin ya fi ƙanƙanta, daga ƙasa ake jefowa, kuma zagaye bakwai ake yi maimakon tara. A Olamfik maza ke besbol, mata ke sofbol.

Besbol ya daɗe yana leƙe ta taga. An nuna shi a Sitokhom a 1912, a Balin a 1936, a Melbon a 1956, a Tokiyo a 1964, sannan a 1984 da 1988, duk ba tare da lambar da ake ƙirgawa ba. Sai a Basalona a 1992 ya zama wasan lambar yabo, nan da nan kuma Kuba ta mai da shi nata: zinare a 1992 da 1996 da 2004, azurfa a 2000 da 2008. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwamnatin Fidel Castro ta soke wasan ƙwararru masu cin albashi tun farkon shekarun 1960, saboda haka gwanayen ƙasar duka, manyan mutane masu shekaru a fagen, 'yan sha'awa ne a takarda. Amurka kuwa ɗaliban jami'a take turawa.

An buɗe wa ƙwararru ƙofa a Sidni a 2000, amma waɗanda ake jira ba su zo ba. Babbar gasar Amurka, MLB, kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a shekara, Olamfik kuma tsakiyar kakar take faɗowa. Masu ƙungiyoyin sun ƙi dakatar da kasuwarsu ko da na mako biyu, ko da yake gasar hokin ƙanƙara ta NHL ta fara yin hakan a 1998. Amurka ta ci zinaren Sidni da 'yan ƙananan rukuni, sa'an nan ta kasa ko samun gurbin zuwa Atens a 2004 bayan Meziko ta fitar da ita. Ga kuma batun ƙwayoyin ƙara kuzari, wanda a watan Maris na 2005 ya kai har majalisar dokokin Amurka ta kira manyan 'yan wasa ta titsiye su. Wata huɗu bayan haka aka shiga zauren Singafo.

To amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwamitin Olamfik Turawan Turai ne suka fi yawa a cikinsa, kuma in ka cire Holan da Italiya wasan bai yi jijiya a nahiyarsu ba. Suna da hujja guda mai ƙarfi, ita ce ta fili. Ba a iya amfani da filin besbol a wani wasan cikin sauƙi. Wanda Girka ta gina a Helinikon don 2004 ciyawa ta cinye shi, daga baya har 'yan gudun hijira aka tsugunar a cikinsa.

Wanda aka zalunta a wannan shari'a, a ganina, sofbol ne. Ba shi da masu kuɗin da suka hana 'yan wasa zuwa. Tun shigarsa a Atlanta a 1996, gwanayen duniya duka suna hallara, domin ga macen da ke wannan wasa babu wani dandali da ya kai Olamfik. Laifin da aka ɗora masa shi ne Amurka ta fi ƙarfin kowa: zinare uku a jere, kuma a Atens maki 51 ta ci, ɗaya tak aka ci ta. Sauran laifin kuwa na kama ne da ɗan'uwansa, don da yawa sun ɗauke shi besbol ɗin mata kawai. A zaman Singafo wani wakilin Amurka, Jim Easton, ya ƙi jefa ƙuri'a saboda kamfaninsa na ƙera kayan wasan, ƙuri'a ɗaya kuwa ita ce ta rage. Abin takaici, hujjar fin ƙarfin ta rushe a gasar bankwana. A Bejin a 2008 Yukiko Ueno ta Japan ta yi jifa 413 cikin kwana biyu, wasa uku, ta kayar da Amurka a na ƙarshe. Amma an riga an shafa fatiha.

Dawowar ma ta bayan gida aka yi ta. Hukumomin wasannin biyu sun haɗe a 2013 suka zama WBSC, suka nemi gurbi ɗaya tare, kokawa ta doke su. Abin da ya cece su shi ne sabuwar dokar da ta ba birnin da ke karɓar baƙi damar ƙara wasannin da mutanensa ke so. Japan, da ta karɓi baƙi, ta ƙara su, ta dakatar da gasarta ta gida, ta fara sofbol a Fukushima kwana biyu kafin bikin buɗewa a 2021, ta kuma cinye zinaren duka biyu a hannun Amurka, kowanne da ci 2 da nema. Ueno ce dai ta sake jifa, tana da shekara 39. Faransa ba ta waiwaye su ba a 2024. Los Anjeles ta maido su don 2028, sai dai sofbol a Oklahoma za a buga shi, kusan kilomita 2,000 daga inda ake shagalin. Yarinyar da ta fara koyo yau dole ta jira ta ji garin da aka zaɓa kafin ta san ko tana da abin buri.

Inda wasannin suka samu zama na haƙiƙa shi ne gasannin nahiyoyi. Besbol yana cikin wasannin ƙasashen nahiyar Amurka tun na farko a Buwenos Aires a 1951, kuma Kuba ta ɗauki zinare sau goma a jere daga 1971 zuwa 2007. A Afirka an buga shi a Johannasbag a 1999 da Abuja a 2003, Afirka ta Kudu ta lashe duka biyun, bayan nan aka daina jin ɗuriyarsa a gasar.

A Asiya lamarin ya wuce wasa. Besbol ya zama na lamba a Hiroshima a 1994, kuma a Koriya ta Kudu zinaren gasar Asiya na sauke wa saurayi nauyin aikin soja na dole, wanda kan ci kusan shekara biyu a ganiyar ƙarfinsa. Japan ma'aikatan kamfanoni take turawa, Koriya kuwa ƙwararrunta. A Jakarta a 2018 Koriya ta ci zinaren, amma maimakon tarba da ganga sai jama'a suka yi ca, suna zargin an cusa wasu 'yan wasa ne don su tsere wa bariki. Majalisar dokoki ta kira mai horar da su, Sun Dong-yol, ta yi masa tambayoyi a bainar jama'a, kafin ƙarshen shekarar kuma ya ajiye aikin.